Tsohon injin kwalekwale mai bugu biyu yana rage ƙarfi a tsakiyar ruwa: ina ciwon yake?

Wani ɗan'uwa mazaunin Dakace da ke Zariya ya aiko da tambaya cewa ya sayo injin kwalekwale na hannu daga Yauri, ƙirar Yamaha mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kuma yana aiki da shi a dam ɗin Galma wajen kai koma da tsallakar da manoma da kayansu. Injin yana tashi da ja ɗaya ko biyu, yana zama a silo, wato ƙaramin gudu ba tare da an ba shi totur ba, lafiya lau, idan ma aka saka shi a duro a gida babu mai cewa yana da ciwo. Amma da an hau ruwa an yi tafiyar minti 10 zuwa 15 da totur a buɗe, sai ƙarfinsa ya riƙa zubewa, ƙararsa tana yin ƙasa, har ya koma bai fi tuƙi da filafili ba, in an kashe shi ya huta kuma sai ya dawo daidai na ɗan lokaci. Mai gyaran babur ya wanke kafireto sau biyu ya canza filogi, ba ta canza zani ba.

Malam, wa alaikumus salam. Ka kyauta da ka faɗi lokacin da ciwon yake tasowa, domin wannan magana ta minti 10 zuwa 15 ta rage mana rabin aikin. Kafin na zo kanta, bari na cire maka duron nan daga lissafi. Injin da ke cikin duro giyarsa a furi ba ya ɗauke da kayan komai, saboda haka inji mai silinda biyu zai iya yin ƙara mai daɗin ji ko da silinda ɗaya ce kawai ke cin wuta, ko da kuma man da ke isa kafireto bai kai rabin abin da ake bukata ba. Dokin nan 15 da aka rubuta a jikin murfin ba ya fitowa sai injin yana juyi tsakanin 4,500 da 5,500 a minti, farfela tana ture ruwa da gaske, kuma a wannan hali yana shan fetur kamar lita 7 a awa guda. Duro yana da amfani wajen ganin ko injin yana tashi da ko ruwan sanyaya yana zagayawa, iyakarsa ke nan. Kada ka ba shi totur sosai a furi, kuma kada ka tayar da shi a busasshe ko na rabin minti ne, domin robar famfon ruwa tana ƙonewa nan take idan ta juya babu ruwa.

Abin da za ka fara rarrabewa, da kunnenka kawai, shi ne ko ƙarar injin tana yin ƙasa tare da gudun jirgin, ko kuwa ƙarar tana tashi sama alhali jirgin yana ja da baya. Waɗannan cututtuka biyu ne da ba su da dangantaka, kuma na ga an buɗe inji lafiyayye an tarwatsa saboda ba a tsaya an rarrabe su ba. Idan injin yana ihu jirgi ba ya tafiya, laifin yana ƙasa, wajen farfela. Farfelar irin waɗannan injuna tana da roba matse a tsakiyarta wadda aka yi ta don ta zame idan an bugi dutse ko kututture, ta ceci haƙoran giya, to idan ta taɓa zamewa sau ɗaya ba ta komawa yadda take, sai ta riƙe a ƙaramin gudu ta saki idan an ba ta wuta. Gwajinta ba ya cin ko sisi: ka ja layi ɗaya da ƙusa ko fenti daga tsakiyar da ke riƙe da sanda zuwa jikin farfelar, ka yi tafiya, ka dawo ka duba. Idan layin ya rabu biyu, robar ta mutu. Tunda ka cire farfelar, ka leƙa bayanta, domin zaren koma da na fatsa suna naɗewa a wurin su cinye sil, ruwa ya shiga man giya. Ka kwance ƙusar ƙasa ka ɗiba kaɗan. Man giya lafiyayye yana da launin zuma ko duhu, idan ka ga ya koma fari kamar nono to ruwa ya shiga, sai a canza sil a zuba sabo mai lamba 90. Kainuwa da ciyawar ruwa da leda ma suna naɗe ƙafar injin su kashe gudu, amma wannan da ka ɗaga injin za ka gani.

Yadda ka siffanta naka, ƙarar ce ke yin ƙasa, don haka ciwon yana sama. Tunda na hannu ka saya kuma ba ka san irin wahalar da ya sha a Yauri ba, shawarata ita ce a auna matsin silinda kafin a sake kashe ko naira ɗaya. Masu gyaran mota da yawa a Sabon Gari da Tudun Wada suna da gejin awon matsi, kuma bakinsa mai milimita 14 yana shiga ramin filoginka daidai. A ɗumama injin, a cire filogi biyun, a zare igiyar kashewa don kada wuta ta tashi, a ɗaura gejin a ja igiya da ƙarfi sau huɗu ko biyar har allurar ta daina hawa, sannan a yi wa ɗayar silindar haka. Ƙaramin inji lafiyayye yakan nuna tsakanin 100 da 130 a ma'aunin psi, wanda ya sauko ƙasa da 90 kuwa ya fara gajiya. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin silinda biyun, domin geji da geji suna saɓawa, amma geji ɗaya ba zai nuna bambanci ba sai akwai shi. Idan ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da fiye da 15, akwai ringi da ya kama, ko jikin silinda ya karce, ko gaskit ɗin kai ya ƙone, kuma a wannan hali wankin kafireto ko sau goma aka yi ɓata lokaci ne. Ina sa ran naka zai tsallake wannan awo, saboda injin da matsinsa ya mutu yakan yi wuyar tashi kuma rauninsa yana nan tun daga minti na farko, ba ya jira sai an yi nisa. Duk da haka a auna, a rubuta adadin a ajiye.

Ciwon da ke jiran minti 10 kafin ya bayyana, ya kuma tafi idan an huta, abubuwa uku ne suka fi haifar da shi: mai yana yankewa a hankali, ko injin yana yin zafi fiye da kima, ko wani ɓangaren wuta yana mutuwa idan ya ɗumama. Dukkansu ukun a kan ruwa ake kama su, a daidai lokacin da ƙarfin ya zube, don haka ka fita da mutum na biyu da zai riƙe tuƙi kai kuma ka yi gwajin, ku sa rigar ruwa, ku riƙe filafili, kada kuma ku yi nisa da gaɓa.

Ka fara da murfin tanki. A tsakiyarsa akwai ƙaramar ƙusa da ake sassautawa don iska ta shiga ta maye gurbin man da ke fita. Idan tana ɗaure, ko ramin ya toshe da ƙura da tsatsa, famfon mai zai yi ta zuƙa har cikin tankin ya rasa iska, daga nan man ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, kuma tsawon lokacin da hakan ke ɗauka ya danganta da yawan man da ke ciki: cikakken tanki yana shaƙewa da wuri, wanda ya yi rabi yana daɗewa. Da ƙarfin ya zube, ka buɗe murfin gaba ɗaya. Idan ka ji ya ja iska da sauti, injin kuma ya farfaɗo cikin daƙiƙu kaɗan, an gama. An taɓa kawo mini wani inji daga wajen dam ɗin Shika wanda mai shi ya riga ya sayi sabon kafireto da kwayil saboda irin wannan ciwo, da na karɓi murfin tankin na hura sai na ji shi a toshe ƙam, na tsokane ramin da tsinken tsintsiya sai ga busasshen laka na faɗowa a tafin hannuna, ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da aka jingine tankin a zaure duk tsawon rani. Bai ji daɗin labarin ba, domin kuɗin kayan da ya saya ba su dawo ba.

Idan murfin bai canza komai ba, ka kai hannu ga robar nan mai kama da ƙwai da ke tsakiyar tiyon mai, wadda ake matsawa kafin a tayar da inji. Yadda ka same ta ma bayani ne. Idan ta lotse ta manne, toshewar tana tsakaninta da tanki, wato matatar da ke bakin bututun cikin tankin ko bawul ɗin robar kanta. Idan kuma ba ta lotse ba, ka riƙa matsa ta a kai a kai injin yana tafiya. In ƙarfin ya dawo muddin kana matsawa, ya sake zubewa da ka daina, to hannunka ne ke yin aikin famfon mai, wato ko famfon ya gaji ko iska tana shiga ta wani tsage a tiyo ko ta bakin mahaɗar da ake cusawa a jikin injin. Famfon man waɗannan injuna ba shi da ƙarfe mai juyawa, siririyar roba ce shimfiɗaɗɗiya wadda numfashin cikin akwatin karanshaf ke kaɗawa gaba da baya, kuma idan ta tsufa sai ta sandare kamar busasshiyar fata ko ta huje. Wadda ta sandare tana iya ciyar da silo da matsakaicin gudu amma ta gaza a cikakken totur, sai kwanon kafireto ya riƙa ƙarewa sannu a hankali. Wadda ta huje kuwa tana zuba ɗanyen mai kai tsaye cikin silinda ɗaya, sai ka tarar da filogin wannan silindar jiƙe sharkaf kuma baƙi. Ka kuma kwance ƙaramin kofin matatar da ke cikin murfin injin ka juye abin da ke ciki a farar kwalba ka bar shi ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a ƙasa kamar ƙwayar idon kifi. Tsohon tiyo ma yakan ɓare daga ciki, ɓawon ya toshe hanya idan zuƙa ta yi ƙarfi, alhali daga waje ba ka ganin komai, saboda haka idan akwai wanda zai ara maka tanki da tiyo lafiyayyu na yini ɗaya, wannan aro zai raba gardama fiye da kowane gwaji.

Akwai gwaji na uku a ɓangaren mai, na cok. Lokacin da injin ke nishi, ka ja cok kaɗan na daƙiƙa biyu ko uku. Idan ya yi tsalle ya ƙara gudu, yunwar mai yake ji. Idan ya ƙara shaƙewa, man ya ishe shi ko ma ya yi masa yawa, sai a nemi laifin a wani wuri. A nan zan tsaya in ja kunnenka, domin inji mai bugu biyu ya bambanta da na mota ko na babur mai bugu huɗu: ba shi da kwanon baƙin mai, man da ke shafe fistin da boris ɗinsa yana shigowa ne a cikin fetur ɗin. Duk lokacin da fetur ya yi ƙaranci, baƙin mai ma ya yi ƙaranci, zafin ƙonewa kuma ya ƙaru a daidai wannan lokacin. Wanda ya ci gaba da danna totur yana cewa bari dai in ƙarasa gaɓa, fistin yake narkarwa. Idan ya fara rage ƙarfi, ka rage totur da kanka ka lallaɓa.

Na biyu cikin abubuwa ukun nan shi ne zafi, kuma shi ne wanda na fi ji maka tsoro. Ruwan Galma da damina jajawur yake da laka da yashi, yashin nan kuma shi ne ke cinye fukafukan robar famfon ruwa da kwanon ƙarfen da take juyawa a ciki. Ka lura da siririn ruwan da injin ke fitarwa ta baya, wanda masu jirgi ke kira fitsarin inji: ya kamata ya fito da ƙarfi ba yankewa, da ɗumin da hannu zai iya jurewa. Idan yana ɗiga, ko yana fita da tururi, ko ya tsaya, ka kashe injin nan take. Fitowarsa da kyau ma ba ta wanke injin gaba ɗaya ba, domin laka tana iya cika hanyoyin ruwan da ke kewaye da silinda alhali wancan ɗan bututun yana samun rabonsa. Saboda haka idan ƙarfin ya zube ka ɗaga murfi ka ɗora yatsu a kan silinda, nesa da wayar filogi da maganeto mai juyawa. Injin da ruwa ke sanyaya shi daidai za ka iya barin yatsunka a kai na daƙiƙa uku ko huɗu. Wanda ɗigon ruwa ke tafasa a kansa, ko fentin kansa ya sauya launi ya yi duhu, ya wuce iyaka. Abin da ke faruwa a ciki shi ne fistin alminiyon ne, yana kumbura da sauri fiye da silindar da yake ciki, sai ya fara matsewa, ƙarfin ya zube, idan an huta ya huce ya saki. Ka ga wannan ya yi daidai da labarinka, kuma kowane zagaye yana barin karce a jikin silinda har ranar da zai kama gaba ɗaya. Robar famfon ruwa kayan canji ce ta shekara-shekara a irin ruwanmu, kuma duk injin da aka saya na hannu a canza masa ita kafin a fara aiki da shi, ko mai sayarwa ya rantse sabuwa ce. Idan aka tarar wani fiffike ya gutsure, wajibi ne a nemo guntun, don yakan haura ya maƙale a bututu. A duba tamostat ma, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin injin, a wanke mazauninsa. Kuskure ne a cire shi a jefar kamar yadda wasu ke yi wa motoci, saboda injin da ke aiki a sanyaye yana tara baƙin toka yana kashe filogi.

Na uku shi ne wuta. Kwayil siririyar waya ce mai dubban naɗi, idan ta tsufa takan tsage a ciki ta yadda tana haɗuwa a sanyi ta rabu idan ta ɗumama, kuma haka akwatin CDI mai sarrafa wutar filogi da kwayil ɗin da ke ƙarƙashin maganeto suke yi. Alamar ita ce ƙarfin yana faɗuwa farat ɗaya kamar an yanke rabi, injin yana karkarwa, ƙararsa ta koma mai gurnani, wani lokaci ya dawo da kansa kamar an sake shi. Yunwar mai ba haka take zuwa ba, tana zuwa da ja da saki, a hankali. Hanyar kama shi ita ce a kashe injin a cikin ciwon, ba tare da an bar shi ya zauna a silo ba, a cire filogi biyun a jera su a tafin hannu. Filogin silinda lafiyayya bakinsa busasshe ne mai launin soyayyar gyaɗa. Wanda ya fito jiƙe da mai, bai kai ɗan'uwansa zafi ba, silindarsa ba ta cin wuta. Wanda ya yi fari fat kamar toka yana nuna yunwar mai ko zafi, idan kuma da ɗigon alminiyon a jikinsa to fistin ya fara narkewa. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi, da ɗigon ruwa a baki, gaskit ɗin kai ne ya buɗe ruwa yana shiga. Ganin tartsatsi a bakin filogi a sararin iska, wanda masu gyaran babur ke dogara da shi, bai isa shaida ba, domin wutar da ta tsallake milimita ɗaya a waje tana iya kasawa a cikin matsin silinda. Lafiyayyar wutar CDI tana tsallake tazarar milimita 7 ko fiye, shuɗiya, da ƙara. Idan injin mai kwayil biyu ne, a musanya su a sake fita: in ciwon ya bi kwayil ya koma ɗaya silindar, an kama ɓarawo. A kuma tabbatar filogin da aka saka maka shi ne na injin. Da yawa daga cikin injunan Yamaha masu doki 15 suna amfani da NGK B7HS-10, kuma 10 ɗin nan ta ƙarshe tana nufin tazarar bakinsa milimita ɗaya ce. Filogin babur da aka ɗauko don kawai ya shiga ramin yana iya bambanta a tsawo da jure zafi.

Ba ka faɗi yadda kake haɗa mai ba, kuma na san al'adarmu ita ce a tsiyaya da ido kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareto. Ma'aunin da aka saba ga wannan inji shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 20 a kowace lita, rabin lita cif a jarka mai lita 25. Sabon inji ko wanda aka sake wa fistin da ringi shi ake ba ninki biyu, kashi 25 da 1, na awanni 10 na farko. Ka samu kwalba ka auna sau ɗaya ka yi mata alama, ka zuba man a jarka kafin fetur, ka girgiza. Man da aka yi don injin ruwa yana ɗauke da alamar TC-W3 a jikin robarsa, an haɗa shi ne ya ƙone ba tare da barin toka ba a injin da ruwa ke sanyayawa. Man 2T na babur da janareto an yi shi don injin da iska ke sanyayawa, wanda ya fi zafi, sai dai a lallaɓa da shi idan babu wancan. Baƙin man mota kuwa, wanda na ga masunta da yawa suna zubawa saboda sauƙin kuɗi, shi ne ke cika ramin fitar hayaƙi da baƙin toka, ya manne ringi a cikin kwarinsa, shekara ɗaya ko biyu injin ya zama kamar mai asma. Fetur ɗin ma a kula da inda aka saye shi. Na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa ko kananzir, kananzir kuma yana sa ƙonewa ta riƙa bugawa kafin lokacinta. Ba a gefen titi kaɗai ake samun gurɓatacce ba, kowa ya tuna fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairun 2022, irin wannan kuwa robobin famfo da tiyo yake fara lalatawa. Haɗaɗɗen man da ya kwana fiye da wata guda a tanki a zubar da shi a wata jarkar, kada a ba injin.

Game da kafireton da aka wanke sau biyu, tambayata ita ce ko an kwance babban jet, wato 'yar ƙusa mai rami da ke auna man da ke wucewa, da bututun da ke samansa an ɗaga su ga hasken rana an ga kowane rami, ko kuwa an cire kwano an watsa fetur an mayar. Wanki na biyun shi ne aka fi yi. Idan za a sake, a yi da maganin wanke kafireto da iska, kada a zura allura ko wayar ƙarfe, domin jet tagulla ce mai laushi, da ramin ya faɗaɗa ko kaɗan injin zai riƙa shan mai yana hayaƙi har abada. Kuma wanke kafireto alhali tankin da tiyon suna cike da datti kamar wanke ƙafa ne a koma cikin taɓo.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, saura ƙananan wurare da ba su cika bin lokaci ba amma suna rage ƙarfi. A duba, injin a kashe kuma giya a gaba, cewa murɗa totur har ƙarshe yana buɗe bakin kafireto gaba ɗaya kuma yana tura farantin wuta har ya taɓa matsayarsa, domin waya mai saki takan hana kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin fitowa. Injin da ya taɓa bugun dutse da ƙarfi yakan yanke ɗan makullin da ke riƙe maganeto a kan karanshaf, lokacin wuta ya goce. Sil ɗin karanshaf na sama da na ƙasa idan sun gaji suna shigar da iska ko ruwa, siraran bawul ɗin da ke bayan kafireto kuma idan sun tsage za ka ga yana tofar da mai ta baki. Akwai kuma gwaji mai sauƙi na cire murfin injin gaba ɗaya a yi tafiya: idan ƙarfin ya dawo, hayaƙi ne ke yoyo a ƙarƙashin murfin injin yana shaƙar abin da ya fitar, sai a nemi gaskit ɗin da ya ƙone.

Wani abu da masu sayen inji daga kudu ko bakin Neja ba su cika sani ba shi ne Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga matakin teku, kuma inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau saboda iska tana yin sirara. Ke nan doki 15 a Legas kamar 14 ne a Galma, zafin Maris da Afrilu kuma yana ƙara ragewa. Wannan ba shi ne ciwonka ba, tunda ba ya zuwa ya tafi, amma yana shafar zaɓen farfela. Kwalekwalen katako da ya sha ruwa, ga buhunan masara da mutane, yana bukatar farfela mai gajeren taki, wato wadda ba ta yin nisa a juyi ɗaya, domin rage inci ɗaya a takin farfela yana ƙara wa injin juyi 150 zuwa 200 a minti, kuma injin da aka ɗora wa farfelar gudu a jirgin kaya yana aiki ne kamar motar da ke hawan tudu a giya ta huɗu, yana zafi yana tara toka. A kuma daidaita tsayin ɗaurinsa yadda faffaɗan farantin da ke saman farfela zai yi daidai da ƙasan jirgin ko ya gangara ƙasa da shi kamar faɗin yatsa ɗaya.

In da ni ne a wurinka, bayan awon matsi zan canza robar famfon ruwa da robar famfon mai tare, ko gwaji ya nuna su ko bai nuna ba, saboda su biyun ba su kai kuɗin fistin ɗaya ba kuma shekarunsu ba a san su ba. Kayan injin ruwa sukan yi wuyar samu a Zariya, yawanci sai an aika Yauri ko Lakwaja ko Legas, don haka kada ka aika da cewa na Yamaha 15 kawai. Akwai ƙaramin faranti a jikin maƙalar da ke kama katakon bayan jirgi, ka kwafe abin da ke kai gaba ɗaya, musamman lambar farko irin su 63V ko 6B4, domin injuna masu doki 15 sun fito iri-iri a shekaru daban-daban kuma robar wani ba ta shiga wani. Ka haɗa da tsohuwar robar a cikin saƙon don a gwada, sannan ka aiko mini da adadin matsin silinda biyun da kamannin filogin kamar yadda ka same su a cikin ciwon.